Wa Ya Riƙe Askar? Ma'anar Zanen Jiki da Shafen Yaƙi a Duniyar Almara



Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne zanen jiki da shafen yaƙi a cikin duniyar almara, wato irin duniyar nan da marubuci ko mai shirya fim yakan ƙaga daga kansa, ya yi mata ƙasashe da sarakuna da harsuna da al'adu, alhali kuwa ba ta cikin taswirar kowa. Mai yiwuwa wani ya ce, ina ruwan mai neman ilmi da fentin da ɗan wasa ya shafa a fuska? Amsar ita ce, miliyoyin mutane suna kallon waɗannan fuskoki, kuma daga gare su suke ɗaukar ra'ayi game da mutanen gaske masu zane a jiki. Daɗin daɗawa, mu da ke zaune a nan mun fi mutane da yawa cancantar yin hukunci a kan batun, sabili da mun fito daga al'ummar da ta daɗe tana karanta fuska kamar yadda ake karanta wasiƙa.

Tun kafin a san katin shaida, wanzami yakan zo ranar suna ya yi wa jariri askar gidansu. Da ganin zubin da ya taso daga gefen baki ya nufi kunne an san Bagobiri ne, an kuma san cewa idan ya gamu da Bayarabe akwai wasa a tsakaninsu. Muna da bille, da kalangu, da 'yar baka, da fashin goshi. Muna da jarfa, wadda ake cusa launi a cikin fata ya zauna. Muna kuma da abin da ake shafawa ya goge bayan kwanaki, kamar lalle da katambiri. Wannan ya koya mana cewa zane rubutu ne, kuma kowane rubutu yana da marubuci. Don haka idan muka ga zane a jikin wani mutum na cikin almara, tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce: wa ya riƙe askar, kuma da yardar wa? Da wannan tambaya zan auna misalan da zan kawo.

Bari mu fara da inda mai jikin ba shi da ta cewa ko kaɗan. A cikin littafin George R. R. Martin mai suna A Dance with Dragons, wanda ya fito a 2011, akwai wani tsohon birni da ake kira Volantis, inda bayi biyar ne ga kowane ɗa guda. A birnin nan ana yi wa kowane bawa jarfa a fuska gwargwadon aikinsa. Sojan bawa yana da ratsi irin na damisa a kumatu. Mai kwashe kashin dabbobi ana zana masa ƙudaje. Mai tuƙa keken da giwa ke ja ana zana masa ƙafar keke. Baiwar da aka ajiye don sha'awar maza ana yi mata ɗigon hawaye a ƙarƙashin ido. Ku lura da hikimar zaluncin. Zanen bai faɗi sunan mutum ba, bai faɗi garinsu ba, aikin da ubangijinsa ya zaɓa masa kaɗai ya faɗa. Bawan da ya gudu, fuskarsa za ta kai ƙararsa duk inda ya shiga.

Martin bai ƙago wannan daga iska ba. Rumawan dā suna yi wa bayin da suka gudu da masu laifi zane a goshi, har sai da Sarki Kustantin ya hana yin sa a fuska a farkon ƙarni na 4. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, 'yan Nazi sun riƙa zana lamba a hannun fursunoni a sansanin Auschwitz. Mu ma a nan gida, an san bayin sarki a fadar Kano da tsagar uku-uku. Ashe askar da ke shigar da yaro cikin dangi, ita ce dai take iya rubuta cewa mutum dukiyar wani ne. Bambancin yana ga niyyar hannun da ya riƙe ta.

Kusa da wannan akwai zanen mubaya'a. A littafin J. R. R. Tolkien mai suna The Two Towers, na 1954, mayaƙan boka Saruman suna ɗauke da tambarin farin hannu a garkuwoyinsu. Da Peter Jackson ya mai da labarin fim a tsakanin 2001 da 2003, sai ya ɗauke hannun ya manna shi a fuskokin mayaƙan da farin fenti. Canjin ƙarami ne a ido, amma ma'anarsa babba ce. Garkuwa ana iya yar da ita a gudu, fuska kuwa ita ce mutum. Wanda tafin hannun wani ya rufe masa fuska ya zama tamkar dabbar da aka ɗora wa lamba. Haka nan a littattafan Harry Potter na J. K. Rowling, mabiyan Voldemort suna da zanen ƙoƙon kai da maciji a hannun hagu, wanda yakan yi zafi idan maigidan ya kira su. Su da kansu suka miƙa hannu, amma daga ranar zaɓi ya ƙare. Malam Snape ya juya wa Voldemort baya shekara da shekaru, duk da haka zanen na nan a hannunsa. Darasin da ke ciki ya shafi duk saurayin da ake kira ya shiga wata ƙungiya ta asiri: shiga da ƙafarka ne, fita kuwa sai yadda hali ya yi.

Akwai kuma zanen da ake samu da gumi. A cikin shirin zane mai motsi na Avatar: The Last Airbender, wanda aka nuna daga 2005 zuwa 2008, yaro Aang yana da shuɗin zanen kibiya daga goshi zuwa baya, har hannuwa da ƙafafu. A al'adar mutanensa ba a yi wa kowa wannan zane sai ya ƙware a ilmin sarrafa iska, wato daidai yake da takardar digiri, sai dai a fata aka rubuta ta. Abin tausayi shi ne an hallaka mutanensa baki ɗaya, ya rage shi kaɗai. Zanen da dā abin alfahari ne ya koma abin da maƙiya ke gane shi da shi, har ta kai ya bar gashi ya tsiro, ya ɗaura ƙyalle a goshi don ya shiga ƙasar abokan gaba. Masu shirin sun fahimci wani abu da duk wanda ya san tarihin rikicin ƙabilanci ya sani: alamar da ke sa a buɗe maka ƙofa a garinku, ita ce kan sa a tare ka a hanya a garin wasu.

A ganina misalin da ya fi duka zurfi yana cikin fim ɗin Black Panther na 2018, wanda Ryan Coogler ya shirya. Killmonger, abokin hamayyar sarkin Wakanda, yana da alama iri biyu. Ta farko wani ɗan rubutu ne mai haske a cikin leɓensa na ƙasa, wanda ke shaida cewa jininsa na Wakanda ne. Wannan gado ne daga mahaifinsa, kuma a ɓoye yake. Ta biyu ɗaruruwan ƙananan tabo ne da suka rufe masa ƙirji da hannuwa, kowane ɗaya a madadin ran da ya kashe. Siffar tabon ta Afirka ce, amma yaron a birnin Oakland na Amurka ya tashi, maraya, ba kaka, ba baffa, ba wanda zai gaya masa abin da tsagar gidansu take nufi. Sai ya ɗauki rubutun kakanninsa ya rubuta lissafin gawa da shi. Tsagar da wanzami ke yi tana cewa, ga mutanen da suka haife ni. Tasa kuwa tana cewa, ga mutanen da na kashe. Duk baƙin cikin wanda aka raba da asalinsa yana cikin wannan bambanci.

Yanzu sai shafen yaƙi, wanda ya saɓa wa duk waɗannan domin ruwa yana wanke shi. Amfaninsa na fili shi ne tsorata abokin gaba da gane na gida a cikin ƙura. Amma yana da wani amfani na ciki. Mutumin da ke noma da renon 'ya'ya ba shi da sauƙin ɗaga makami a kan ɗan'uwansa ɗan Adam. Shafen yana ba shi wata fuska ta aro wadda zai yi wannan aiki da ita, in an gama ya wanke ya koma cikin iyalinsa. A farkon shirin Aang da na ambata, an nuna saurayi Sokka yana shafa wa kansa fentin yaƙi shi kaɗai, domin mazan ƙauyen duk sun tafi fagen fama, ga jirgin maƙiya ya doso. Babu dattijon da zai shafa masa, babu sa'an da zai tsaya a gefensa. Cikin ɗan lokaci kaɗan mai kallo ya gane abin da yaƙi ya yi wa ƙauyen.

To amma a nan ne kuma marubutan almara suka fi yin kasala. Yuliyas Kaisar, wanda ya kai yaƙi Birtaniya a shekara ta 55 da ta 54 kafin haihuwar Annabi Isa, ya rubuta cewa mutanen tsibirin suna rina jikinsu shuɗi don su ƙara ban tsoro a fagen fama. Tun daga nan hoton fentin fuska ya zauna a zukatan Turawa a matsayin alamar wanda bai waye ba. Robert E. Howard, mai labaran Conan, ya yi amfani da shi a labarinsa Beyond the Black River na 1935, inda masu fenti ke fitowa daga kurmi su auka wa masu gina gari, kamar yadda Turawan Amurka ke ba da labarin 'yan asalin ƙasar da suka ƙwace wa filaye. Fim ɗin Braveheart na 1995 ya shafa wa William Wallace shuɗin fenti, alhali an kashe Wallace a 1305, fiye da shekara 1,300 bayan zamanin Kaisar. A irin wannan aiki zanen ba ya faɗin dangi ko matsayi ko alkawari. Aikinsa kawai ya gaya wa mai kallo cewa wannan mutum na daji ne. Yaron da ya girma yana kallon haka, me kuke tsammani zai raya a ransa ranar da ya ga dattijo mai aska a fuska?

Masu zanen na gaske kuwa sun san darajar abinsu. Lokacin da aka ƙulla yarjejeniyar Waitangi a New Zealand a 1840, wasu sarakunan Maori sun sa hannu ne ta hanyar zana wani sashe na zanen fuskarsu a takardar, domin shi ne sunansu. Shi ya sa a 2016, da kamfanin Disney ya fitar da rigar yara mai kama da fatar Maui na fim ɗin Moana, da zanenta duka, mutanen tsibiran Pasifik suka yi ca, kamfanin ya janye rigar ya ba da haƙuri. A cikin fim ɗin kansa an ce zanen Maui yana fitowa ne idan ya aikata abin bajinta. Rigar kuwa ta mai da shi abin da kowa zai saya a kanti.

Misalina na ƙarshe ya fi kusa da halin da mu ɗalibai muke ciki. A 2015 Nnedi Okorafor, marubuciya 'yar Amurka wadda iyayenta Ibo ne, ta fitar da ɗan littafi mai suna Binti, wanda ya ci kyautar Hugo da ta Nebula. Binti yarinya ce 'yar ƙabilar Himba ta Namibiya, waɗanda matansu ke shafe jiki da gashi da wani haɗin jar ƙasa da mai da ake kira otjize. Ita ce ta farko a cikin mutanenta da ta sami gurbi a wata babbar jami'a da ke wata duniyar, ta kuwa tafi ba da sanin iyayenta ba, da ɗan tulun otjize a cikin kayanta. A hanya ana kallonta ana ƙyama. Daga baya wannan shafe da aka raina ya zama maganin da ya warkar da raunin maƙiya, ya buɗe ƙofar sulhu. Da tulun ya kusa ƙarewa, sai ta nemo yumɓu a sabuwar ƙasar ta haɗa wani da hannunta. Ba wanda ya tilasta mata, kuma tana iya wankewa ko yaushe ta so. Kullum safiya ita ke zaɓar ta zama Bahimba. A nan mai jikin ce ta riƙe askar.

'Yan'uwana, tsagar fuska tana ƙarewa a ƙasarmu. Malamai sun daɗe suna hani da jarfa, likitoci sun yi gargaɗi game da cututtukan da aska ɗaya ke yaɗawa, kuma Dokar Kare Haƙƙin Yara ta Nijeriya ta 2003 ta hana yi wa yaro zane a fata. Ba ina kira a koma yanka fuskar jarirai ba ne, domin jariri ba a tambaye shi ba. Kirana shi ne kada ilmin karatun ya bi askar zuwa kabari. Akwai tsofaffin wanzamai da kakanninmu da ke iya duban fuska su faɗi gari da zuriya da sana'a. Wanda zai tafi hutu ya zauna da su, ya zana abin da suka faɗa a takarda, ya rubuta sunansa da ma'anarsa. Waɗanda kuma Allah ya ba baiwar ƙaga labari a cikinmu, idan kun gina taku duniyar da Hausa, kada ku zana wa mutum ko ɗigo ɗaya a fuska sai kun san wanda ya yi masa shi, da ranar da aka yi, da abin da zai same shi in ya shiga garin da ake karanta zanen da wata ma'ana dabam.

Shugaban zama, a nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi.