Yoyon Fitsari: Abin Da Likitoci Suka Gano Amma Bai Iso Gida Ba

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya ya gabatar a taron tsofaffin ɗalibai na shekara-shekara)



Mai girma shugaban taro, shugaban makaranta, malamanmu da suka sha wahalarmu, iyayenmu dagatai da masu unguwanni, yayyena da ƙannena tsofaffin ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa. Da sakataren ƙungiya ya aiko mini cewa ni zan yi magana a kan binciken likitoci game da lafiyar mata, sai da na tambaye shi ko ya yi ɓatan kai ne, domin kuwa a cikinmu akwai likitoci da malaman jinya, ni ko allura ban iya riƙewa ba. Aikina a ma'aikata shi ne tattara alƙaluman da asibitocin karkara suke aikowa kowane wata. To, amma tun da an ɗora mini, zan yi magana a kan ciwo guda ɗaya wanda ya shiga gidanmu, wato yoyon fitsari, da abin da bincike ya gano a kansa a nan ƙasar Hausa.

Ina aji uku a makarantar nan aka aurar da 'yar kawuna, wadda muka tashi gida ɗaya, tare muke kai wa manya abinci gona. Shekararta 15. Da ciki ya tsufa aka dawo da ita goyon ciki kamar yadda aka saba. Naƙuda ta kama ta ranar Talata da dare, ta ɓoye saboda kunyar haihuwar fari, ba a farga ba sai da gari ya waye. Mijinta ya tafi ci-rani Ikko, kawu kuma ya ce ba zai fitar da matar wani ba sai da izni. Aka yi ta jiƙe-jiƙe da rubutu har ranar Alhamis, sa'an nan aka ɗora ta a amalanke zuwa bakin kwalta, aka samu motar da za ta kai ta asibiti. An ciro yaron ba rai. Ita ta rayu, aka sallame ta, muka gode wa Allah. Bayan kamar mako guda gwaggo ta lura tabarmarta kullum a jiƙe take.

Bari in bayyana abin da ya faru a jikinta yadda likitoci suka fahimtar da ni, domin har yau akwai masu cewa sammu ne, ko iska, ko kuma likita ne ya yanke ta. Mafitsara tana gaba ne, tsakanin hanyar haihuwa da ƙashin mara. Idan kan jariri ya fi ƙarfin ƙugun uwa, ko ya zo a karkace, sai ya tsaya a hanya yana danne naman wurin a jikin ƙashi. Naman da aka danne kwana ɗaya, kwana biyu, jini ba ya isa gare shi, sai ya mutu. Bayan 'yan kwanaki mataccen naman ya zube, ya bar ƙofa tsakanin mafitsara da gaban mace. Shi ya sa sau da yawa ba a ganin yoyon ranar haihuwa sai daga baya, shi ya sa kuma mutane suke ɗora laifin a kan wanda ya taɓa ta a ƙarshe.

Wannan ba zato ba ne, an ƙirga. Wani likita mai suna Tahzib ya bi bayanan mata 1,443 da suka zo asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da yoyon fitsari daga 1969 zuwa 1980, ya buga sakamakon a 1983. Kashi 83 cikin 100 doguwar naƙuda ce ta jawo musu. Kashi 13 cikin 100 kuwa yankan gishiri ne, wanda ungozoma ko wanzami suke yi da aska da niyyar buɗe hanya. Ku duba, aikin da ake yi don taimako shi ne ya huda mace ɗaya cikin kowace takwas.

A wannan asibiti na Zariya aka yi wani aikin da ya fi wannan girma. Farfesa Kelsey Harrison, mutumin Jihar Ribas, shi da abokan aikinsa suka ɗauki alƙawarin cewa duk matar da ta haihu a hannunsu za a rubuta labarinta: shekarunta, tsawonta, haihuwa ta nawa, ta yi awo ko ba ta yi ba, ta yi makaranta ko ba ta yi ba, yadda ta ƙare da ita da jaririn. Daga 1976 zuwa 1979 suka rubuta haihuwa 22,774 a jere, ba su tsallake ta kowa ba, aka buga a 1985. Mata 238 suka rasu, wato kusan ɗaya cikin ɗari. Da aka rarrabe su sai aka ga yawancin mace-macen suna cikin waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba, sai da abu ya ɓaci aka kawo su a kwance. Haɗarin ya fi yawa ga 'yan mata ƙanana masu cikin fari da kuma matan da suka yi haihuwa da yawa. Matan da suka yi karatun boko kuwa mutuwarsu kaɗan ce ƙwarai.

Akwai wani abu cikin binciken nan da ya ba ni mamaki ranar da na fara karanta shi. An ba wasu 'yan mata masu cikin fari maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ƙwayoyin ƙarin jini, ana auna tsawonsu. Sai ga shi da yawansu sun ƙara tsawo suna ɗauke da cikin, waɗanda suka ƙara tsawon kuma suka fi samun sauƙin haihuwa. Ashe yarinyar ba ta gama girma ba, ita da abin da ke cikinta rabon abinci suke yi. Maganar shekarun aure na bar wa malamai da iyaye, ba fagena ba ne. Amma duk wanda ya aurar da yarinya, to ya san ya ɗauki nauyin awonta tun daga watannin farko.

A nan zan ɗan kauce in taɓa namu laifin, mu ma'aikata. Na taɓa zuwa wata ƙaramar asibiti, ba zan faɗi garin ba, na nemi littafin rajistar haihuwa. Aka ciro shi daga ƙasan kabad, na tarar rabon da a rubuta wani abu a ciki wata biyu ke nan, alhali kowane wata fom ɗinsu yana iso mana a cike. Ma'aikacin ya ce mini, ba tare da jin ya yi wani laifi ba, idan ƙarshen wata ya zo sai ya kintata. Harrison ba da wata na'ura ya fara ba, da irin wannan littafin ya fara. Bambancin kawai shi ne nasa an cika shi da gaskiya.

Yanzu sai in zo kan abin da ya sa na karɓi wannan gayyata. A 1983 wani likita ɗan ƙasar Holan, Dokta Kees Waaldijk, wanda mata suka fi sani da Dokta Kees, ya zo asibitin kutare na Babbar Ruga a Katsina. Aikin kuturta ya kawo shi, amma matan da ya tarar suna yoyo suka juya masa rayuwa, ya koma ɗinkin mafitsara. Ya yi wa dubban mata aiki a can da kuma Cibiyar Laure da ke cikin asibitin Murtala a Kano, ya koyar da likitocinmu da malaman jinya masu yawa. Babbar Ruga yanzu cibiya ce ta Gwamnatin Tarayya ta masu wannan ciwo.

A wancan lokaci ƙa'idar da ke cikin littattafan likitanci ita ce, idan mace ta fara yoyo a sallame ta, ta dawo bayan wata uku lokacin da wurin ya huce, sa'an nan a yi tiyata. Dokta Kees ya ga abin da wata ukun nan yake yi wa mace a ƙauye: fitsari ya cinye mata fata, wari ya kore ta daga cikin mutane, miji ya aiko da takarda, ramin kuma ya ƙanƙance ya yi tabo mai tauri. Sai ya gwada wata hanya. Duk wadda ta zo da sabon yoyo, nan take a sa mata robar fitsari, a bar ta makonni, ta yi ta shan ruwa mai yawa, ta tashi tana tafiya. Hikimar ita ce, muddin roba tana kwashe fitsarin, mafitsara tana zama a tsuke, bakin ramin ya haɗu da juna, kamar yadda ƙaramin yanka a hannu yake haɗewa idan ba a buɗe shi ba. Wadda nata bai haɗe ba, da zarar wurin ya yi tsabta sai a ɗinke, ba jiran wata uku.

Kuma ya rubuta kowace mace. A 2004 ya buga sakamakon mata 1,716 da suka zo masa tsakanin kwana 3 zuwa kwana 75 da fara yoyo. Guda 265, wato kashi 15 cikin 100, sun warke da roba kaɗai, wuƙa ba ta taɓa su ba. Idan aka haɗa da waɗanda aka ɗinke, ramin ya rufe ga mata 1,690. Ba kowane rami roba take rufewa ba, ta fi yi wa ƙanana, kuma gwargwadon saurin zuwa gwargwadon sa'a.

Ranar da na karanta wannan na daɗe ina ƙirga kwanaki. Da 'yar uwata ta fara yoyo, tsofaffi suka ce a bari ta gama wankan jego, ai ba a fitar da mai jego kafin arba'in. Da aka yi arba'in damina ta faɗi, kowa yana gona. Da aka yi kaka aka ce sai an sayar da gyaɗa. Ta shekara biyu a wani ɗaki a bayan rumbu, da kwanonta daban, ba ta zuwa suna, ba ta zuwa biki, ta rage shan ruwa don kada ta jiƙe, wanda kuma shi ya ƙara wa fitsarin ƙarfi da wari. Daga baya aka yi mata aiki a Kano har sau biyu, Allah ya ba ta lafiya, ta sake aure. Ko roba za ta wadatar da ita, Allah ne masani. Abin da na sani shi ne, a lokacin da take kwance a bayan rumbu, ana sa wa mata irinta roba a birnin Kano, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba, kuma a gidanmu akwai 'yan boko har da mai digiri, babu wanda ya taɓa jin labarin.

Na san idan aka ce bincike, akwai waɗanda gabansu yake faɗuwa, kuma ba zan ce ba su da hujja ba. Shi kansa ɗinkin yoyon fitsari, likitan Amurka da ake jingina masa shi, Marion Sims, a jikin bayi mata ya koya a Alabama cikin shekarun 1840, ba tare da maganin kashe zafi ba. Ɗaya daga cikinsu, Anarcha, an yi mata aiki kusan sau 30. A nan gida kuma, lokacin annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano a cikin yara kusan 200, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a bayyana musu gwaji ne ba. An yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, mun kuma ga yadda abin ya shafi allurar shan inna a 2003. Abin da ya kamata ɗan boko ya koya wa danginsa shi ne haƙƙinsu. Duk binciken gaskiya sai an yi wa mutum bayani da harshen da yake ji, sai ya yarda, yana da ikon ya ƙi, kuma ƙin nasa ba zai hana a duba shi ba.

Abin farin ciki, yanzu 'ya'yanmu ne suke jan irin wannan aiki. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ita ta jagoranci ɓangaren Nijeriya na wani babban bincike a kan zubar jini bayan haihuwa, wanda aka yi a asibitoci 80 na Nijeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, da mata fiye da 200,000, aka buga a 2023. Maimakon ungozomar asibiti ta kintata jini da ido, sai a shimfiɗa wata leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai haihuwa. Da jini ya kai layi, a haɗa mata magungunan gaba ɗaya a lokaci guda. Zubar jini mai tsanani da abin da yake jawowa suka ragu da kashi 60 cikin 100. Ita ma wannan leda, sai macen ta haihu a inda take.

Saboda haka, mai girma shugaba, ina da roƙo ga ƙungiya. Kusan babu ƙauye daga nan zuwa Ɗambatta, Makoɗa, Kunci da Bici da ba mu da tsohon ɗalibi a cikinsa. Ina so kowannenmu, kafin ya koma bakin aiki, ya zauna da ungozomar unguwarsu da liman da mai unguwa ya gaya musu magana biyu. Ta farko, naƙudar da rana ta fito ta faɗi a kanta ba a haihu ba, a tafi asibiti, kuma magidanci mai tafiya ci-rani ya bar izninsa a bainar shaidu tun kafin ya tafi. Ta biyu, mai jegon da aka ga tana jiƙa shimfiɗa, a kai ta a makon, kada a jira arba'in, kuma a faɗa wa ma'aikatan asibiti a fili cewa ana neman a duba ko za a sa mata roba. Maganar kuɗi ma ta yi sauƙi, domin a 2024 hukumar inshorar lafiya ta ƙasa ta ƙaddamar da shirin yi wa masu yoyon fitsari aiki kyauta.

Abin da yake saura shi ne kuɗin mota, wanda sau da yawa shi ne yake tsayar da tafiya da tsakar dare. Na ga a ajandar yau akwai maganar fentin ƙofar makaranta. Ba na ƙin fenti, amma ina ba da shawara a ware wani abu daga kuɗin ƙungiya, a ajiye a hannun amintattu uku, a yi yarjejeniya da direbobin tasha biyu ko uku waɗanda za a iya tasa ko da ƙarfe nawa ne, a biya su daga baya. Na rubuta yadda nake ganin za a tsara shi, na miƙa wa sakatare, kuma na sa nawa gudummawar a cikin ambulan ɗin. Idan an zo wurin tattaunawa, likitocin da ke cikinmu su gyara mini inda na yi kuskure.