Jinyar kafaɗa bayan tiyata: jawabi a taron iyalai

Yawancinku kun san ni, ni ne mai yi wa jami'ar kariya tafinta. Ni ba likita ba ne. Abin da zan faɗa na ji shi ne daga bakin ma'aikatan lafiya, sau da yawa, lokacin da nake tsaye tsakaninsu da marasa lafiyarmu.

A cikinmu akwai waɗanda kafaɗarsu ta goce ko jijiyarta ta yage, wasu a hanyar gudu, wasu wajen ɗaukar kaya. An kai wasu asibitin birni an yi musu tiyata. Saƙona a yau shi ne, ɗinkin likita rabin aiki ne, sauran rabin a gida ake yinsa, kuma mara lafiya ba zai iya shi kaɗai ba.

Bari in bayyana abin da aka gyara. Kan ƙashin hannu dunƙulalle ne, yana zaune cikin wani gurbi marar zurfi a allon kafaɗa. Bakin gurbin yana da zoben guringuntsi da ke hana ƙashin zamewa. Sannan akwai tsoka 4 da jijiyoyinsu suka lulluɓe gaɓar, su ne ke ɗaga hannu suna juya shi. Likita yana mayar da abin da ya yage ya ɗaure shi jikin ƙashi da zare. Zaren riƙo kawai yake yi. Kafin jijiya ta kama ƙashi da kanta, ana ɗaukar kamar mako 12. Fatar waje kuwa takan haɗe cikin mako 2, to a nan mutane ke ruɗuwa, su ga miki ya rufe su ɗauka an warke.

Daga ranar tiyata zuwa mako 4 ko 6, hannun yana rataye a ƙyallen da aka ba ku, dare da rana, sai lokacin wanka ko atisaye. Kada ka ɗaga shi da ƙarfinka. Ma'aikacin gashi, wanda masu jin Faransanci ke kira kine, shi zai motsa maka shi, ko ya koya wa wani ɗan'uwanka. Kai dai ka riƙa motsa yatsu da wuyan hannu kullum don kada su kumbura. Wanda aka ɗinke masa guringuntsi ya kiyayi juya hannu waje ko kai shi baya. In za ka sa riga, hannun ciwon ne zai fara shiga, in za ka cire, shi ne na ƙarshe. Wajen barci ka jingina, a tara tsummoki ko bargo a bayanka, kada ka kwanta a kan kafaɗar. Wajen sujada ko tashi daga tabarma, kada ka dogara da hannun.

Daga mako 6 zuwa 12, in an ba ka izini, za ka fara ɗaga hannun da kanka, da taimakon sanda ko ta hawan bango da yatsu. Har yanzu ba a ɗaukar abin da ya fi kofin shayi nauyi. Bayan mako 12 ne ake fara ƙarfafa tsoka. Aiki mai nauyi, irin daka, faskare, noma da jan guga, sai bayan wata 4 zuwa 6, wani ma ya fi haka. Cikakken ƙarfi yana iya kai shekara 1. In likitanka ya ba ka wasu kwanaki daban, nasa za ka bi, shi ya ga cikin kafaɗarka.

Na taɓa yi wa wata baiwar Allah tafinta. A mako na 5 ta ga yara da yunwa, ba mai yi mata daka, ta ɗauki taɓarya. Ɗinkin ya saki. Ranar da aka gaya mata sai an sake aiki, ni na fassara, kuma ban manta fuskarta ba. Ba laifinta ba ne, babu wanda ya tsaya mata. Jarka mai lita 20 kilo 20 ce, ban da buhun abinci da goyo. Maigida, in uwargida ce aka yi wa aiki, ruwa da itace sun dawo kanka da manyan yara. Makwabta, ku raba kwanakin daka a tsakaninku.

Akwai kuma mai jin tsoro ya ƙi motsa hannun sam. Shi ma kafaɗar za ta sandare, ya kasa kai hannu ka. Ɗan jin ja lokacin atisaye ba komai, amma zafi mai soka alama ce ta a dakata. Ina girmama masu ɗori, sai dai kafaɗar da aka ɗinke ba a ja, ba a murzawa, ba a shafa mata komai a kan miki. Taba sigari da ciwon suga suna jinkirta warkewa, ku gaya wa likita in akwai.

Ku garzaya asibitin sansani nan take in kun ga zazzaɓi, mugunya ko wari daga mikin, kumburi mai ƙaruwa, yatsu sun yi sanyi ko sun mutu, ko an ji wani abu ya ɓalle hannun ya rasa ƙarfi.

Wanda ba shi da mai taimako, ko ba zai iya layin rabon abinci ba, ko ranar komawa asibiti ta zo ba abin hawa, ya zo ofishin kariya da takardar sallamarsa, ko ya aiko wani. Ba kunya a ciki, zan fassara muku. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Mai tambaya ya ɗaga hannu, mai lafiyar.