Daga Gidan Silima Zuwa Tsakar Gida: Jawabi a Kan Hajiya Balaraba Ramat Yakubu



Maƙasudin jawabinmu a yau shi ne mu duba rayuwar mace guda daga cikin masu shirya fim a ƙasar Hausa, watau Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, da gidan da ta fito, da kuma yabon da aikinta ya samu. Amma kafin mu kai gare ta, wajibi ne mu waiwayi inda sana'ar ta fara sauka a Kano, domin wanda bai san zurfin rijiya ba, ba zai yaba wa mai guga ba.

A shekarar 1937 aka buɗe gidan silima na farko a Kano, kuma a wajen ganuwa aka gina shi. Sabon Gari da Fagge su ne suka zama matattarar wannan sabon abu: ga El Dorado a Sabon Gari, ga Plaza a Fagge. Galibin masu gidajen Kwarori ne, abin da ake nunawa kuwa fina-finan Amurka da na Indiya. A 1951 gobara ta tashi a silimar El Duniya, mutum fiye da 300 suka halaka, jama'a da yawa suka ɗauki abin a matsayin ishara. Tun daga lokacin sunan silima ya ƙara ɓaci, har ta kai macen da aka gani a ƙofarta ta zubar da mutuncinta ke nan. Saboda haka matan aure ba su cikin 'yan kallo, balle a yi zancen su shirya.

A cikin wannan hali aka haifi Balaraba a Kano, a 1959. Ita ƙanwa ce ga Janar Murtala Ramat Muhammad, shugaban ƙasar da aka kashe a Legas ranar 13 ga Fabrairu, 1976. Mai jin wannan zai zaci hanya a share take gare ta. Alhali kuwa ba haka ba ne. An cire ta daga makarantar firamare aka yi mata aure tana da shekara kamar 13, auren kuma bai ɗore ba. Sai daga baya ta koma ajin yaƙi da jahilci ta ƙarasa abin da aka katse mata. A nan akwai abin lura: girman gida bai hana a yi mata abin da ake yi wa 'yar talaka ba.

Da alƙalami ta fara. Ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, sa'an nan Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kwikwiyo Ne a 1990. Tana cikin ƙungiyar marubuta ta Raina Kama, tare da Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba. Labarin Alhaki na Rabi ne, uwar 'ya'ya tara, wadda mijinta Alhaji Abdu, ɗan kasuwa, ya kore ta saboda amarya, ta riƙe yaranta da sayar da abinci, shi kuwa dukiyarsa ta ƙone. Duk wanda ya zauna a unguwanninmu ya san gida irin wannan.

A wannan shekara ta 1990 ne 'yan ƙungiyar Tumbin Giwa suka fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka shi ne mafarin fim ɗin Hausa na bidiyo a Kano. Kaset ya yi abin da silima ta kasa: ya tsallake zaure ya shiga tsakar gida. Matan da aka hana zuwa Plaza suka zama manyan 'yan kallo. A 1998 Abdulkarim Muhammad ya mayar da Alhaki fim. Ita ma Hajiya Balaraba ta kafa kamfaninta ta shiga shiryawa da kanta. Mu fahimci cewa mai shirya fim shi ne uban tafiya: shi zai nemo kuɗi, ya zaɓi labari, ya ɗauko darekta da 'yan wasa, in an yi asara kuma a wuyansa take. Babban aikinta a wannan fage shi ne Juyin Sarauta na 2017, fim na tarihi a kan rikicin gadon sarauta, wanda Falalu Ɗorayi ya ba da umarninsa, aka kuma ba shi lambobin yabo da dama.

Yabo bai tsaya a gida ba. A 2012 kamfanin Blaft na ƙasar Indiya ya buga Alhaki a Turanci, fassarar Aliyu Kamal. Ku duba wannan al'amari: ƙasar da ta shekara da shekaru tana aiko mana da labaranta ta Sabon Gari, ita ce ta karɓi namu daga hannun macen da aka cire daga firamare.

To, 'yan'uwa, mu da muka sami gatan jami'a, gobe wasunmu za su zauna a ofisoshin ilimi, wasu a hukumomin da ke tace fina-finai, wasu kuma su zama iyaye masu yanke shawarar ranar da za a aurar da yarinya. Tambayar da za mu tafi da ita ita ce: Balaraba nawa ne yanzu haka a Fagge da kewaye da aka rufe musu littafi, waɗanda ba su sami ajin da za su koma ba? Alhakinsu a kanmu yake, kuma ita da kanta ta gaya mana halin alhaki.

Allah Ya ba mu ikon sauke nauyi.