Wa Ke Tambayar Mai Jego?

A Sandamu da sauran ƙasar Daura, idan mace ta haihu an san hidimar jikinta: wankan jego, kunun kanwa, gasasshen nama. Amma wa ke tambayarta abin da ke cin ranta? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 na shiga matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi ciwon damuwa. Mu kuwa sai mu ce iska ce, ko shagwaɓa.

Uwar da damuwa ta danne ba ta yi wa jinjiri wasa, ba ta tanka gwarancinsa, shayarwa ma ta zame mata nauyi. Alhali a kwanaki 1,000 na farko ƙwaƙwalwar yaro ta fi saurin ginuwa, kuma wannan 'yar hirar na cikin abincinta. In aka haɗa da duka da zagi a ɗaki, yaro kan tashi a firgice, ga fitsarin kwance, ga jinkirin magana, ga kasa riƙe karatu. Kada a ce bai san komai ba, jariri ma yana jin ihu.

A Janairun 2023 Shugaba Buhari, ɗan Daura, ya sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin ta zamanin Turawa. Doka kam akwai, saura aiki. Malaman asibiti, ranar awo da rigakafi ku tambayi uwa barcinta da zaman gidanta. Iyaye, in 'yarku ta yi yaji ku saurare ta kafin ku ce ta koma ɗakinta. Maigida, kai kuma janye hannunka.