Idan safar asibiti ta dame ka, a sake awo

Doguwar safar nan da ake sa wa mutum bayan tiyata, aikinta hana jini daskarewa a jijiyoyin ƙafa yayin da yake kwance, domin gudan jini kan ɓalle ya toshe huhu. An saƙa ta ne ta fi matsewa a idon sawu, ta yi ta sassautawa zuwa sama. Saboda haka sai an auna ƙafa kafin a zaɓo ta. Wadda ta yi yawa zamewa take yi, amfaninta ya tafi. Wadda ta yi kaɗan kuwa, mai jinya kan naɗe bakinta ƙasa don ya sarara, sai ta ɗaure ƙafar kamar igiya, ta tare jinin da aka sa ta domin ya gudana.

Wani zai ce ai magani sai da haƙuri, matsin ma alamar aiki ce. Matsi daidai ne. Amma zogi, ko yatsu su yi sanyi su canja launi, ko dunduniya ta saluɓe, wannan illa ce, musamman ga mai ciwon suga da ba ya jin ƙafarsa sosai. Wani kuma zai ce a yar da ita kawai. Gaskiya binciken GAPS na Birtaniya a 2020 ya nuna masu karɓar allurar hana daskarewar jini ba su ƙaru da safar ba, amma likita ne zai yanke wannan. In an sa muku ita, ku sani ƙafa kan kumbura bayan tiyata, awon jiya ya tashi. Ku cire ta kullum ku duba fata, in ta dame ku, ku kira nas ta sake awo.