Ƙwayar Fotasiyam: Sai Da Gwajin Jini



Mai hawan jini ko kumburin ƙafa da aka ɗora kan maganin sa fitsari, irin su Lasix, wani lokaci yakan ji jikinsa ya mutu, tsoka na murɗawa, zuciya na bugawa ba daidai ba. Sau da yawa sinadarin fotasiyam ne ya zube ta fitsari. Gudawa da amai ma haka suke kwashe shi. Idan awo ya nuna ya sauka ƙasa da 3.5, likita kan rubuta ƙwayar fotasiyam, kamar Slow-K.

A haɗiye ta ɗungurungum bayan an ci abinci, da cikakken kofin ruwa, ana zaune. Kada a tauna, kada a daka, domin tana iya ƙona maƙogwaro da ciki.

Abin da ya fi damuna shi ne sayenta a kemis babu gwaji. Fotasiyam idan ya yi yawa yana tsayar da zuciya, musamman ga mai ciwon ƙoda ko mai shan lisinopril. Kanwa kuwa ba ta maye gurbinsa, sinadarin gishiri ne ya fi yawa a cikinta.

Don Allah, a fara da gwajin jini.