Littattafai uku da na zo da su a cikin jaka

An ce in yi magana a kan littattafan da suka taɓo canji, na adabi da na wasan kwaikwayo da na fasaha. Ban zo da dogon jeri ba, uku kawai na ɗauko, kuma duk na gida ne.

Bari in fara da tambaya. A cikinku wa ya san sunan Sarauniya Mangu? To, kowa. Wa ya karanta littafin Abdoulaye Mamani a kanta, tun daga farko har ƙarshe? Kar ku ji kunya, ni ma sai da na shiga jami'a na karanta shi, shi ma fotokofi ne da wani aboki ya ara mini, shafi biyu sun ɓace.

Littafin ya fito a 1980 a Paris, da Faransanci. Mamani ɗan Sawaba ne, ya yi shekaru yana gudun hijira, ya dawo gida ya sha kurkuku, ya rasu a haɗarin mota a 1993. Mutumin da ya ga yadda ake murƙushe masu neman canji shi ne ya koma 1899, ya ɗauko labarin Lugu, inda Sarauniyar Azna ta tsaya wa ayarin Voulet da Chanoine, ayarin nan da ya yi ɓarna a Birnin Ƙonni. Mu abin da muka riƙe shi ne jarumtaka, mu buga hotonta a riga, shi kenan. Amma littafin ya fi haka ɗaci. Mafi yawan sojojin da suka ƙona garuruwan baƙaƙen fata ne irinmu. Kuma Mamani ya nuna maƙwabta suna zaune suna shawara ko ya dace a taimaki matar da suke kira arniya. Wannan wurin ne ya hana ni barci. Yau ma in an taɓa wani, sai mu fara tambayar ɗan wane gari ne, wace ƙungiya, wace aƙida, kafin mu buɗe baki. Su Voulet kuwa, sojojinsu ne suka harbe su a watan Yuli na shekarar, kusa da Maijirgi a ƙasar Tasawa. Da yawa cikinmu mun bi ta wannan hanyar a mota muna barci.

Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mai da littafin fim a 1986, ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. A Burkina aka ɗauke shi, ba a Nijar ba, kuma ƴar Burkina ce, Aï Keïta, ta fito a matsayin Sarauniya. Labarin namu, amma sai da ya ƙetare iyaka ya samu kyamara.

Na biyu wasan kwaikwayo ne, Tanimoune, na André Salifou, 1973. Sarkin Damagaram Tanimun ne, wanda ya gina ganuwar Birni, ya sa aka ƙera bindigogi da igwa a cikin garin. Ba zan daɗe a kansa ba. Abin da nake so ku lura: ɗan Damagaram ɗin da ya rubuta wasa a kan sarauta da ƙarfin mulki, shi ne ya shugabanci taron ƙasa na 1991, wanda ya buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa. In wani ya ce maka rubutu aikin marasa aikin yi ne, ka tuna masa wannan.

Na uku shi ya fi ba ni haushi, kuma ba laifin marubuciyar ba ne. Janet Beik, Ba'amurkiya, ta zo ta zauna da ƴan wasanmu, ta fitar da littafi a 1987 a kan wasan kwaikwayon Hausa na Nijar, da Ingilishi. Wasannin su Yazi Dogo da ƙungiyoyin samariya na zamanin Kunce ba a rubuce suke ba. A tsara labari, kowa ya san matsayinsa, a hau dandali maganar ta fito daga baki. Gwamnati na son a yi wa jama'a nasiha, su kuma ƴan wasa su saka cin hanci, da tsadar aure, da girman kan ma'aikaci, mutane na dariya suna kallon wanda ake nufi a kujerar gaba. A ganina, wannan wasan ya juya tunanin talakan ƙasar nan fiye da littattafan nan biyu na farko, don tsohuwa a Mirriya ta ji shi da kunnenta, ba ta nemi mai fassara ba. To amma yau in kana son ka yi nazarinsa, sai ka iya Ingilishi.

Kun ga inda muke kenan. Abin da aka rubuta, an rubuta shi da harshen da iyayenmu ba su ji. Abin da iyayenmu suka ji, ba mu rubuta shi ba. Haka zanen bangon gidajen Birni yake tafiya, siminti na cinye shi, hotunansa masu kyau suna cikin littattafan baƙi.

Ga abin da nake roƙo. Duk wanda ke da tsohon kaset na wasan kwaikwayo a gidansu, na rediyo ko na tele, dan Allah ya kawo, mu zauna mu saurara mu rubuta shi da Hausa, ko fage ɗaya ne a mako. Ina neman mutum biyar masu haƙuri da saurin rubutu. Littafin Mamani kuma ga shi nan, wannan karon cikakke ne. Mai so ya rubuta sunansa a takardar da ke yawo, kwana goma kowa, kuma a dawo mini da shi ba tabon shayi.